Tatso launin ba shi ne wahalar ba

Na yarda da labarin cewa ruwa da etanol (sinadarin barasa) sun fi sinadarai masu guba irin su hekzen ƙarancin illa ga muhalli wajen tatso launi daga 'ya'yan itatuwa. Amma an tsallake babbar matsalar, launin ba ya daɗewa. Antosayanin, sinadarin launin da ke ɓawon inabi, ja ne a cikin tsami, da tsamin ya ragu sai ya rikiɗe ya doshi shuɗi, zafi da haske kuma suna koɗar da shi. Laikofin kuwa, sinadarin jan launin tumatir, ba ya narkewa a ruwa sam, sai mai ko iskar kabon dayoksaid da aka matse, injin matse ta kuma lantarki yake sha. Masu cewa hanyar ba ta cutar da muhalli, kun lissafa wutar nan kuwa?