Karatun wasan kwaikwayo ya wuce rawa da waƙa

A Bauchi, da yaro ya ce zai karanci wasan kwaikwayo a jami'a, sai ka ji wata gwaggo ta ce, "Au, rawa za ka je koyo?" Rawa na ciki, amma ɗan kaso ce.

Wannan karatu ya daɗe a Najeriya. Jami'ar Ibadan ta buɗe makarantarsa tun farkon shekarun 1960, ABU Zariya ta biyo baya a shekarun 1970, inda ta gina dandalinta da ƙasa irin ginin Hausa. A nan kusa, Jos na da sashen a jami'arta, ga kuma makarantar koyon fim ta ƙasa.

Ɗalibi na koyon rubuta wasa, ba da umarni, tsara fitilu da tufafi, da tarihin fannin. Akwai horon murya ma: a tsayar da shi ya yi ta maimaita jimla ɗaya har na kujerar ƙarshe ya ji ba tare da lasifika ba. 'Yan ABU Zariya kuwa sun yi suna wajen shiga ƙauyuka, su zauna da manoma, su mayar da matsalar taki ko ruwan sha wasan da mutanen garin da kansu za su taka.