Matashin Baranda da Farar Shaddar Surukina

Soson matashin kujera maƙaryaci ne, musamman a Legas. Ka taɓa samansa ka ji ya bushe ƙarau, alhali ya ɓoye ruwan da zai cika buta.

Kujerun waje na jera a barandar gidanmu a Agege, kowacce da matashin zama da na jingina, don 'yan majalisa su huta da benci. A watan Yuni, lokacin da ruwan Legas ba ya sallama kafin ya shigo, aka kwana ana sheƙawa da iska. Da safe maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, naɗe su a leda kawai, magana ta ƙare." Na naɗe su tam, har da ɗauri.

Leda tana hana ruwan waje shiga, tana kuma hana na ciki fita. Ga zafi, ga danshi, ba iska, abin da funfuna ke nema ke nan. Da na kwance sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a jikin yadin da wani wari mai tsami. Na goge, na shimfiɗa su a rana, sama ya bushe, na mayar.

Ranar Juma'a surukina ya biyo daga masallaci cikin farar shadda da ta sha sitati. Na ce, "Baba, bismillah, ga wuri." Ya zauna. Matashin ya yi fiiis, ruwa ya tsiyayo ta zif yana bin ƙafar kujera. Baba bai ce uffan ba, ni ma kunya ta hana ni. Muka gaisa tiryan-tiryan, ya tambayi iyali da kasuwa, yana ta ɗan gyara zama. Da ya miƙe, taswira ce guda a bayan rigarsa, har da tsibirai.

Washegari na kai su wurin dattijon da ke gyaran kujeru a layinmu. Ya shinshina ɗaya ya ce, "Ɗana, a kwance ka shanya su ko?" Ashe soson da ke kwance ruwa taruwa yake a ƙasansa. Zare shi ake yi daga riga, a danna da tafin hannu ko a taka da ƙafa mai tsabta, ban da murɗawa don yagewa yake. Sai a jingina shi a tsaye inda iska ke ratsawa, kwana 2 zuwa 3. Kafin a mayar, a danna tsakiyarsa da busasshen tsumma. In tsumman ya jiƙe, da saura.

Wankin rigar matashin kuma ya danganta da yadin. In na roba ne, irin wanda aka yi don waje, kofi 1 na bilic da rubu'in kofi na sabulun ruwa a lita 4 na ruwa, a jiƙa minti 15, a goge da buroshi mai laushi, a ɗauraye sosai, don ragowar sabulu ƙura take kamawa. A fara gwadawa a lungun da ido ba ya gani. In atamfa ce ko auduga, bilic zai cinye launin. Khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, da ruwa rabi da rabi ake sa wa. Kada a kuskura a haɗa khal da bilic, hayaƙinsu guba ne. A mayar da rigar tana da ɗan sauran laima, domin in ta ƙame a rana tana iya tsukewa, ka yi ta kokawa da soso kamar mai cusa rago a buhu.

Zif ɗin ƙarfe tsatsa yake yi a danshin garin nan, sai ya canja mini na roba, ya ce in riƙa goga masa kyandir. In kuma da tamfol za a lulluɓe su, a rufe sama da gefe, a bar kamar taƙi ɗaya a ƙasa don iska. Da daddare a shigar da su ɗaki, a ɗora kan katako, ba kan siminti ba. In hunturu ya zo a Disamba, kakkaɓe ƙura duk mako ya isa.

Baba kuwa har yau idan ya zo, sai ya danna matashi da tafin hannu, ya duba hannun da kyau, sannan ya ce a kawo masa tabarma.