Wai yanzu duk tambayar da ta fi ƙarfinmu shubuha ce?

Shekaranjiya a wani guruf ɗinmu na WhatsApp wani yaro ya yi tambaya kan wata mas'ala, tambaya ce fa kawai, kafin ka ce kwabo mutum uku sun rubuto masa "Malam daina kawo mana shubuha". Ba wanda ya ba shi amsa. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Jama'a shubuha Larabci ce, tushenta kamanni, gida ɗaya suka fito da tashbihi, wato kamanta abu da wani abu. Magana ce da ta yi kama da gaskiya har ta rikita mai hankali, kamar jabun 'yar dubu, ai in ba ta yi kama da ta gaske ba ko yaro mai sayar da fiya wata ba zai karɓa ba. Shi ya sa ta bambanta da soki-burutsu, shi soki-burutsu daga ji ka san mai shi kame-kame yake. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ma abubuwa masu shubuha tsakanin halal da haram aka ajiye su, ba a ce su ne haram ɗin ba.

Malaman manɗiƙi kuma, wato ilimin auna hujja da hankali, suna da nasu sunan na irin wannan magana, mugalaɗa ko safsaɗa, ita safsaɗa daga Girkawa Larabawa suka aro ta, sunan wasu gwanayen musu ne da ke koyar da yadda ake cin gardama a biya su. Kuma kar wani ya ce min boko ne, tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa Shehu Magili da ya zo Kano ma'abocin manɗiƙi ne, har baitoci ya yi yana mayar wa malamin Masar Suyuɗi martani saboda shi Suyuɗin ya haramta fannin. Misalin da suke bayarwa yana burge ni, mutum ya nuna hoton doki a bango ya ce wannan doki ne, kowane doki kuwa yana haniniya, to wannan yana haniniya. Kowa ya san hoto ba ya haniniya, amma aikin malami shi ne ya ɗora yatsa a inda aka yi wayon, dokin farko zane ne, na biyu dabba, kalma ɗaya aka hau aka tsallake da kai.

Irinta ce muke sha kullum a majalisa, ɓarawo da dare yake yawo, wane ma da dare yake yawo, shi kenan wane ɓarawo ne. To maigadi fa? Mai shayin tasha fa?

Ni abin da nake cewa, in ka kira maganata shubuha to ka ɗau bashi, sai ka nuna min gurin da ta rabu da gaskiya. In ba ka nuna ba kawai ka jefo kalmar ka yi gaba, to kai ka yi mugalaɗar, ka bar magana ka koma kan niyyar mai magana.

Yaron dai ya goge tambayarsa, jiya na duba na ga ma ya fita daga guruf ɗin.