Ku daina cewa "ai ya tashi"

Kwana uku ina danne zuciyata a kan maganar yaron nan ɗan koyo a gareji da ya rasu bayan mai garejin ya buge shi da sifana a kai, amma abin da kunnena ya ji jiya a wurin zaman makoki ya fi ƙarfin shiruna. Wani dattijo da furfurarsa ya dafa kafaɗar mahaifin yaron ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ba dukan ba ne. Ai ya tashi, har tuwo ya ci da magariba." Jama'a suka gyaɗa kai. Ni kuwa sai na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji, domin wannan kalmar ta "ai ya tashi" ita ce ta hana a ɗauki yaron nan a kai shi likita tun da la'asar. Yanzu kuma ita ake son a wanke wanda ya kwaɗa masa sifana a gefen kai da ita.

Na yi shekaru ina aikin jinya a garin nan na Damagaram, don haka ku bar ni in faɗi abin da na sani.

Ɗora yatsa biyu a gefen kanka, tsakanin wutsiyar gira da saman kunne. Cije haƙoranka. Ka ji wani nama ya kumburo a ƙarƙashin yatsunka? Naman tauna ne, shi ke jan muƙamuƙi sama. A bayansa akwai ƙashi, kuma yana cikin wurare mafi siranta a ƙoƙon kai, kaurinsa ƴan milimita ne kawai. Ƙoƙon kan mutum da fuskarsa ƙasusuwa 22 ne, 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 sun gina fuska, kuma duk a ɗinke suke da juna in ban da muƙamuƙin ƙasa da ke motsi. To a daidai inda yatsunka suke ƙasusuwa huɗu suka haɗu: na goshi, na saman kai, na kunne, da fiffiken wani ƙashi da ya miƙo daga bayan ido. Likitoci na ce wa mahaɗar fiteriyon. Ina makarantar koyon jinya malaminmu ya ɗaga busasshen ƙoƙon kai ya kara shi a taga, ya ce mu leƙa ta ciki. Goshi duhu, ƙeya duhu, amma ta gefen nan sai ga hasken rana yana ratsowa kamar ta tsohuwar ƙwarya. Ban taɓa mantawa ba. Ya kuma nuna mana wani ɗan kwari a jikin ƙashin ta ciki, mai rassa kamar jijiyar ganye. Nan ne wata jijiyar jini take kwance, manne da ƙashin, tana ciyar da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa.

In ƙashin ya tsage, sai ya yanki jijiyar. Jinin ba ya fitowa waje balle uwa ta gani ta sa salati. Yana taruwa ne tsakanin ƙashi da tantanin, a hankali, yana ɓamɓare tantanin yana neman wuri. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Abin da zai matsa ya ba jinin wuri ƙwaƙwalwa ce. Shi ya sa mutum zai iya faɗuwa, ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya karkaɗe wandonsa, ya yi magana daidai, ya ci abinci, alhali jini na zuba a kansa. Bayan sa'a ɗaya, ko uku, ko shida, sai ciwon kai ya tsananta, amai ya biyo baya, barci mai nauyi ya ɗauke shi. Mutanen gida su ce gajiya ce, a bar shi ya huta. Abin da ya faru da yaron nan ke nan, tiryan-tiryan. Ya yi amai sau biyu bayan isha'i, aka ce tuwon ne bai zauna masa ba.

Ya tashi. Na ji. Tashin nan yana cikin alamomin ciwon, a littafi aka koya mana shi, kuma na gan shi da idona fiye da sau ɗaya. Ba kowa ne ke samun wannan ɗan sararin na farfaɗowa ba, wasu ba sa tashi sam, amma wanda ya same shi ya samu ƴan sa'o'in da za a iya ceto shi a cikinsu. Mu kuma sai mu kashe sa'o'in nan muna cewa alhamdu lillahi abin ya zo da sauƙi.

Kada wani ya ce mini wannan matsalar talauci ce ko ta ƙauyanci. A watan Maris na 2009 wata fitacciyar ƴar wasan kwaikwayo ƴar Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi a wurin wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada. Ta miƙe tana magana, aka zo duba ta ta ce lafiyarta lau. Daga baya ciwon kai ya taso. Kwana biyu tsakani ta rasu tana da shekara 45, da irin wannan taruwar jinin. Ga kuɗi, ga asibiti, amma "ai na tashi" ta ci mata lokaci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ciwon yana da magani. In aka kai mutum da wuri, aka ɗauki hoton kansa aka ga jinin, likitan fiɗa zai buɗe ƙashin, ya kwashe gudan jinin, ya toshe jijiyar. Da yawa daga waɗanda aka yi wa haka a kan lokaci suna komawa harkokinsu ras. Daga Birni, ko Zango, ko Garin Malam, ko Kara-Kara, minti nawa ne a kan kabu-kabu zuwa babban asibiti? Mu da muke cikin gari ba mu da uzurin mutumin da zai taso daga bayan Tanut ko Gure.

Na ga masu rubuta cewa "mu ma an dake mu, ga mu a raye." Waɗanda ba su rayu ba ai ba za su zo su yi sharhi a Facebook ba. Na ga masu cewa kwana ne ya ƙare. Ajali gaskiya ne, na yi imani da shi, amma wanda ya zama sanadi ana tambayarsa, duniya da lahira, in ba haka ba da shari'a ba ta yi maganar diyya ba. Kuma tun kafin a san mene ne hoton kai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in ɗayanku zai yi duka to ya nisanci fuska. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ko dabba an hana a dake ta a fuska ko a yi mata lalas a nan. Sai ga shi ɗan mutum, ɗan shekara goma sha uku da aka ba ka amana ya koyi sana'a, ka auna gefen kansa da ƙarfe don ya ɓatar da noti.

Ba mai gareji kaɗai nake wa magana ba. Malamin allo da ke juya bulala ya yi duka da gindinta, mushe, wato malamin boko, da ke jifa da abin goge allo, uwa da ke rarumo muciya, yaya da ke gwara kan ƙanne biyu don su daina faɗa, duk ku nake nufi. Marin da ake yi da tafin hannu a kan kunne ma, iskar da ya tura ciki tana iya fasa dodon kunne, yaro ya girma ana ce masa mai kunnen ƙashi alhali ba ya ji ne sosai.

In an riga an yi ɓarnar, ko faɗuwa ce daga moto, ko daga katanga, ko jaki ya yi harbi, a kai mutum likita ko da ya tashi yana dariya. In kuwa aka ga amai, ko ciwon kai da ke ƙaruwa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko baƙin idonsa ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko hannu da ƙafa na gefe guda sun saki, ko jijjiga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, to ba a jiran gari ya waye. Kada a ba shi tramol, kada a ba shi maganin barci. Rufe alamun kawai za su yi.

Allah Ya jiƙan yaron nan, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Na ga takalmansa na roba a ƙofar ɗakinta jiya, har yanzu da baƙin mai a jiki, ba wanda ya iya ɗauke su.

Af, tun da maganar fuska ake, ƴar'uwar da ta turo mini hoton mijinta bakinsa ya karkace, ana ce mata marin aljani ne: Hajiya, akwai jijiyar da ke fitowa ta ƙasan kunne, ta ratsa cikin ƙullin da ke yin yawu a gaban kunne, ta rabu gida biyar ta bazu a fuska. Ita ke ɗaga gira, ta rufe ido, ta ja baki wajen murmushi. In ta kumbura sai ɓarin fuska ya saki. Ce masa ya ɗaga gira. In goshin gefen ma ya ƙi motsi, galibi jijiyar ce, kuma yawancin masu ita suna warkewa cikin makonni ko watanni, amma maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku na farko. In goshin yana tattarewa daidai, baki kaɗai ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, wannan yana iya zama shanyewar ɓarin jiki, ku tafi asibiti yanzu. Ku yi addu'arku a hanya. Idon da ba ya rufuwa kuma a riƙa ɗiga masa maganin da likita zai rubuta, a rufe shi da ƙyalle mai tsabta in zai kwanta, don ƙurar garin nan ba za ta bar shi ba.