Shaidu goma bakinsu ɗaya, amma nawa ne suka gani?

A Damagaram, in ɗan kabu-kabu ya yi karo da mota kusa da Kasuwar Dole da hantsi, kafin la'asar labarin ya zaga fadodin Zango da Birni, wato wuraren zaman hira da shan shayi. Kafin a sauke shayi na uku, kowa ya san gudun da mai babur yake yi, da launin rigarsa, da maganar da direba ya yaɓa masa. Washegari a je gaban mai unguwa ko komisariya, shaidu goma, bakinsu ɗaya. Mukan ce magana ta ƙare. Ni kuwa wannan haɗuwar bakin ce take ba ni tsoro, domin ana iya ɗaure marar laifi da ita ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

A 2003, Fiona Gabbert da abokan aikinta a Jami'ar Aberdeen ta Birtaniya sun nuna wa mutane biyu-biyu bidiyon abu guda, amma kowa daga kusurwa daban, ba su kuma sani ba. Ɗaya ya ga wata yarinya ta zare kuɗi daga walat, ɗayan bai gani ba. Aka bar su suka tattauna, sannan aka tambayi kowa shi kaɗai. Kashi 71 cikin 100 sun ambaci abin da a bakin abokin hira kawai suka ji shi. Kashi 60 na waɗanda ba su ga satar ba suka ce yarinyar ta yi laifi.

Ƙwaƙwalwa takan riƙe labari ta saki inda ta samo shi. Bayan kwana biyu, abin da kunne ya ji ya gauraya da abin da ido ya gani, mutum ya rantse da zuciya ɗaya. Haka aka yi bayan harin bam na Oklahoma a 1995: jami'an tsaron Amurka suka yi ta farautar mutum na biyu da ma'aikatan shagon hayar mota suka ce ya raka Timothy McVeigh, wanda ya kai harin, daga baya jami'an suka ce ai wani soja ne da ya zo shagon washegarin zuwan McVeigh, babu ruwansa da harin.

Ko yawan abin da ake tunawa ma taro na rage shi. Masu bincike Weldon da Bellinger sun nuna a 1997 cewa mutum uku a tare sun fi mutum ɗaya tuna abubuwa, amma ba su kai abin da ake samu in an ji kowa daban aka haɗa ba. Kowa da hanyar da yake bin labari a ransa, jin na wani kan tsinke masa zare.

Za a ce ai taro na gyara kuskure. Gaskiya ne, bincike ma ya nuna haka, amma sai inda kowa zai iya cewa "a'a, ba haka aka yi ba". A zamanmu fa? Babba ne ke fara magana. Yaron da yake tallar goro a bakin titi, wanda abin ya faru a gabansa, ba zai buɗe baki ya ƙaryata Alhaji ba, kunya ba za ta bar shi ba. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so mu rasa ta, amma a wurin shaida tana rufe bakin wanda ya fi kowa gani. Ga kuma saƙon murya na WhatsApp da ke isa wayar shaida tun bai koma gida ba, da cikakken labari har da sunan wanda ake zargi.

Don haka ina roƙon masu unguwanni da dattawan da ke sulhu su ji kowane shaida shi kaɗai kafin a tara jama'a, kuma in an taru a fara da ƙarami. A tambayi kowa a fili: "Da idonka ka gani, ko a fada ka ji? Da wa ka yi maganar tun jiya?" Wanda abu ya faru a gabansa kuma, ya naɗi muryarsa a waya nan take, har da abin da bai tabbatar ba, kafin ya nufi fada.