Na sa sola, Baba ya koma jin labarai cikin duhu

Wallahi yau da ba don azumin Alhamis da nake yi ba da an ji kanmu da wani yaron shago a kasuwa. Shekara uku ina tara kuɗin sola saboda wutar NEPA ta zama sai dai mu ji labarinta, sati biyu da suka wuce aka haɗa min fanel biyu da batir da ƴar inbata da ƙwayayen fitila shida. Murnar kwana ɗaya muka yi.

Baba mutumin rediyo ne, tun kafin a haife ni yake kama BBC da DW a gajeren zango, ana idar da sallar asuba zai ja eriya. To tunda aka sa ƙwayayen nan, ana kunna su sai ka ji ƙarrrr kamar ana suyar ƙosai a cikin akwatin, ka kashe fitila magana ta dawo tas. Cajar da na haɗo da su kuma in ka jona waya sai ta dinga danna kanta kamar mai aljanu, har ta taɓa kira min surukata.

Mai gyaran rediyon bakin layinmu ne ya fasa ƙwai ɗaya ya nuna min. Ya ce abin da ke ciki kunna wuta yake yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, dole ya watsa hayaniya a iska da cikin wayar gida, shi ya sa ake sa masa koyil da kafasita su tace ta. Ya nuna min gurbinsu a jikin allon, ga ramukan ga zanen, amma wayam. An cinye kuɗinsu tun daga masana'anta.

Na ɗauki sauran da rasit na koma shagon. Na yi sallama, yaron ko ɗagowa bai yi ba, yana kallon bidiyo a waya yana taunar cingam. Na ce ƙanina, ƙwayayen nan da matsala. Ya ce ba sa kawo haske? Na ce suna kawowa. Ya ce to fa? Na yi masa bayanin rediyo tiryan-tiryan kamar mai ba da karatu. Sai da ya gama bidiyonsa tukuna, ya kalle ni sama da ƙasa, ya kira maƙocinsa, wai zo ka ji, Alhaji ya dawo da fitila don ba ta kama tasha. Suka kwashe da dariya har da tafawa. Sannan ya juya kwalin ya dangwala yatsa a kan tambarin CE, wai ka ga wannan? Na Turai ne, orijinal. Ya ƙara da cewa wa ma yake jin rediyo yanzu, ka saya wa tsohon data mana. Kaya in ya fita ba ya dawowa. Madalla da injiniya, na gode da fatawa!

Tambarin da ya nuna min fa ma'anarsa kenan, mai kaya ya yi alkawarin cika ƙa'idar Turai, ciki har da kar na'urarsa ta dami rediyon maƙoci. Amma wanda ya iya cire kafasita buga harafi biyu a kwali ne zai gagare shi?

Can dokar ba ado ba ce. A Satumban 2023 Faransa ta dakatar da sayar da iPhone 12 sukutum, saboda an auna ƙarfin siginar da jikin mutum ke zuƙa daga wayar an samu wat 5.74 a kowane kilo alhali iyakar 4 ce, sai da Apple ya fitar da gyara. Kamfanin da ya fi ƙasashe da yawa kuɗi kenan. Su kullum sabunta ƙa'ida suke suna matse ta, abin da ba zai shiga can ba kuma an san inda ake juye shi, mu ne bola.

Mu ma a takarda ba a bar mu a baya ba, akwai satifiket ɗin SONCAP, wato shaidar ingancin kaya, kafin kayan lantarki su shigo, akwai tantance wayoyi, akwai taro a otal da shayi da jawabi. To ta ina kwantena-kwantenar nan ke bi, ta rami? Gwamnatin da ta kasa ba mu wuta ta tura mu sayen sola da guminmu, sannan ta kasa tsare mana ko ƙwan fitila. Mu ma ba mu da ta cewa, ɗan kasuwa ya je Sin da bakinsa ya ce a yi masa mai araha, mu kuma mu yi layi muna neman ragi, in ka yi magana a ce ka cika ƙorafi, ka yi haƙuri, haka ƙasar take.

Na dawo gida da ledata na tarar Baba ya sa an kwance ƙwan ɗakinsa, ya ɗauko tsohuwar tocilarsa ya ajiye kusa da rediyo. Wai in sayo masa batir guda huɗu gobe.