Bututun AKK: A fara lissafin buƙatar gas daga wanda zai iya biya

Tun ranar 30 ga Yunin 2020 da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wato AKK, adadi ɗaya ake ta maimaitawa a jawabai: kubik fit biliyan 2.2 a kowace rana. Da yawa sun ɗauka wannan shi ne yawan gas ɗin da zai riƙa zuwa Arewa da zarar an kammala. Adadin kuwa iya abin da bututun mai faɗin inci 40 da tsawon kilomita 614 zai iya ɗauka ne idan komai ya daidaita. Duk gas ɗin da ake sayarwa a cikin gida a Najeriya, daga tashoshin lantarki zuwa masana'antun siminti da na taki, a kewayen kubik fit biliyan 2 yake a rana. Wato cika AKK na nufin a ninka kasuwar ƙasar baki ɗaya. Wannan ba zai faru don an gama walda ba, kuma duk tsarin da gwamnatocin Arewa za su ɗora a kan wancan adadi zai ba su kunya.

Gas ɗin kansa akwai shi a ƙarƙashin ƙasa. Alƙaluman NUPRC, hukumar da ke kula da haƙar mai da gas, sun nuna kimanin kubik fit tiriliyan 210 da aka tabbatar, mafi yawa a nahiyar Afirka. Abin da ake haƙowa a rana yana wajen biliyan 7, kuma kusan dukansa yana da mai shi. Kaso mafi girma na tafiya ƙetare, galibi ta NLNG, kamfanin da ke mayar da gas ruwa a Bonny don fitarwa a jiragen ruwa, wanda ke da kwangiloli na dogon zango da masu saye. Wani babban kaso kamfanonin haƙa ne ke mayar da shi cikin rijiyoyi don ƙara matsin da ke turo ɗanyen mai, ko su kunna injinansu da shi. Akwai wanda har yanzu ƙonawa ake yi. Ragowar ne kasuwar cikin gida ke rabawa.

Akwai wani rauni da masu hasashe kan tsallake. Wajen rabin gas ɗin Najeriya tare da ɗanyen mai yake fitowa daga rijiya ɗaya, don haka ba a iya ƙara shi ko rage shi bisa buƙatar mai saye. Idan aka rufe rijiyar saboda an fasa bututun mai, gas ɗin ma ya tsaya. An gani a 2022, lokacin da satar mai ta sa haƙon ƙasar ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a watannin Agusta da Satumba, sannan ambaliyar Oktoba ta sa NLNG ya sanar cewa ba zai iya cika alƙawuransa ba. Masana'antar da ke Sharaɗa za ta iya rasa gas saboda abin da ya faru a wata fadamar jihar Ribas, kuma lissafin da bai sa wannan a ciki ba bai cika ba.

Ajaokuta kuma ba ta da rijiyar gas ko ɗaya, mahaɗa ce kawai. Gas ɗin da zai hau Arewa sai ya biyo ta Oben a jihar Edo, inda ake sa ran wani bututu mai suna OB3 zai kawo na gabashin Neja Delta, har da na matatar ANOH da aka gina don tace kubik fit miliyan 300 a rana. Ratsa ƙarƙashin Kogin Neja ya riƙe aikin OB3 shekara da shekaru. Daga wannan tsarin bututun ne kuma Legas da Ogun da masana'antar siminti ta Obajana ke sha. Gas a bututu matsi ne ke tafiyar da shi, kuma matsin raguwa yake yi da nisa. Ranar da aka samu ƙaranci, wanda ke kusa da tushe zai ɗiba, na ƙarshen layi ya ga allurar ma'auninsa ta sauka. Kano ce ƙarshen layi. Injinan tashar lantarki suna da mafi ƙarancin matsin da za su yi aiki da shi, idan ya gaza sai su kashe kansu. Saboda haka kwangilar da mai saye a Kano zai sa wa hannu dole ta faɗi matsin da za a miƙa masa gas ɗin a bakin tasharsa da tarar da za a biya shi idan an gaza, ba yawan gas ɗin kaɗai ba.

Ɓangaren buƙata ne ya fi cancantar a tsaya a kai, domin nan aka fi yaudarar kai. An tsara tashoshin lantarki uku a kan hanyar bututun: megawat 1,350 a Abuja, 900 a Kaduna, 1,350 a Kano, jimilla 3,600. Lissafin ba shi da wuya. Tashar da ke ƙona gas ta saki zafin hayaƙinta a iska tana samar da kimanin megawat 4 daga kowane kubik fit miliyan ɗaya a rana. Wadda ke tare zafin ta dafa ruwa da shi, tururin ya juya wani injin, tana kai wa megawat 6. Idan an gina dukkan ukun, suna aiki dare da rana ba tsayawa, za su sha tsakanin kubik fit miliyan 600 da 900 a rana. Ko rabin bututun ba su cika ba. Kuma ba a gina su ba tukuna. Ta Abuja, wadda ke Gwagwalada, an aza harsashinta a Agustan 2023, da zangon farko na megawat 350, wanda buƙatarsa ba za ta kai miliyan 100 ba. Mutanen Kaduna kuwa sun san labarin tashar Kudenda mai megawat 215 da aka ba da kwangilarta tun 2009, aka shafe shekaru ba a kammala ba.

Ko an gina su, wa zai biya kuɗin gas ɗin? Najeriya na da tashoshin da aka girka masu ƙarfin kimanin megawat 13,000, amma abin da ke hawa babban layin ƙasa yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000. Yawancin injinan da ke zaune a Kudu gas suke jira, ga shi kuma suna kusa da rijiyoyin. Dalilin kuɗi ne. Kamfanonin rarraba wuta ba sa tattara cikakken kuɗin abin da suka sayar, gwamnati ba ta biyan giɓin tallafi a kan lokaci, masu samar da wutar su kasa biyan masu gas, su kuma su rage abin da suke turowa. A farkon 2024 ministan lantarki na lokacin, Adebayo Adelabu, ya bayyana cewa ana bin ɓangaren bashin kimanin dala biliyan 1.3 na gas kaɗai. Farashin da NMDPRA, hukumar da ke kula da sarrafawa da rarraba mai da gas, ta ƙayyade wa tashoshin lantarki a shekarar shi ne dala 2.42 kan kowane MMBtu, ma'aunin zafin da gas ke bayarwa, wanda ya yi kusan daidai da kubik fit dubu ɗaya. Kamfanin da aka ce ya sayar a farashin da aka yanke masa, kuma bai san ranar da kuɗinsa zai shigo ba, ba zai zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a sabuwar rijiya don wannan kasuwa ba. Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa masu haƙa wajibcin ware wa cikin gida wani kaso, amma doka ba ta hana mai kaya jan ƙafa idan ba a biyansa.

Sabuwar tasha a Kano da za ta sayar da wutarta ta wannan tsohuwar hanya za ta gaji wannan ciwon ne, har da ƙarin kuɗin dakon gas na kilomita ɗaruruwa a kanta.

Duk da haka Arewa na da hujja mai ƙarfi ta neman tashoshin a ƙasarta. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu, jihohin Arewa da dama sun shafe kwanaki a duhu. Buƙatar gaskiya ce. Abin da ya rage shi ne a mayar da ita buƙatar da banki zai yarda ya ba da rance a kanta.

Yanayi ma sai an sa shi a lissafi, kuma ba irin na Turai ba, inda sanyin hunturu ke tayar da buƙatar gas. A nan ƙololuwar buƙatar lantarki tana zuwa ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta, kuma a daidai lokacin ne ruwan madatsu irin su Shiroro ke ja baya, nauyin ya koma kan gas. Ƙarfin da aka rubuta a jikin injin gas an auna shi ne a zafin digiri 15. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka injin yana rasa sama da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya ƙaru. A ranar da Kano ta kai digiri 40, tashar da aka ce megawat 100 ce za ta ba da wajen 80 zuwa 85, sai fa idan an sa mata na'urar sanyaya iskar da take zuƙa, ita kuma ruwa take buƙata. Ƙurar hunturu tana toshe matatun iska, ta ƙara yawan tsayawa don gyara. Hasashen da aka yi da matsakaicin shekara zai nuna komai lafiya, alhali a watannin da aka fi matsuwa ne za a gaza.

Masana'antu su ne masu saye mafi nagarta, domin suna biya, kuma ribar sauyawa a fili take. MMBtu ɗaya ya yi daidai da kimanin lita 27 ta dizal. A ce lita tana naira 1,000, kuɗin ya kama 27,000. A ce gas ya isa ƙofar masana'anta a kan dala 8 bayan an haɗa dako da rarrabawa, dala kuma tana naira 1,500, ya kama 12,000. Mai injin casar shinkafa ko na robobi a Challawa ba ya buƙatar a lallashe shi. Sai dai girman buƙatarsu bai kai yadda ake zato ba. Masana'antar da ke kunna janareton gas na megawat 5 dare da rana tana shan abin da ya ɗan haura kubik fit miliyan ɗaya. Ko an samu ɗari irinta a Bompai da Sharaɗa da Challawa da Kakuri, jimillar ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari na bututun ba. Motoci masu amfani da matsattsen gas (CNG) ma haka: dubu ɗari da kowace ke shan kubik mita 10 a rana sun tashi a kubik fit miliyan 35 kacal. Sannan babban bututu ba ya shiga masana'anta kai tsaye. Sai an gina tashar rage matsi da aunawa a bakin gari, an shimfiɗa ƙananan bututu zuwa unguwannin masana'antu, kowane kamfani ya sauya injinansa ko ya sayi sababbi. A Legas da Ota kamfanoni irin su Gaslink da Shell Nigeria Gas sun ɗauki shekaru suna wannan aikin titi bayan titi. Masu jiran saukar farashin gas ɗin girki kuma su sani cewa wanda ake ɗurawa a tukunya wani nau'i ne daban, ba shi bututun zai kawo ba.

Mai saye guda da zai iya sauya lissafin shi ne masana'antar takin yuriya. Wadda ke samar da tan miliyan ɗaya a shekara tana buƙatar kusan kubik fit miliyan 70 a rana, ba ta hutawa da rani ko damina, kuma tana iya sayar da wani kaso a waje ta samu dala. Manyan masana'antun yuriya na ƙasar suna Lekki da Eleme da Onne, manoman da suka fi amfani da shi kuwa suna Arewa, ana yi musu dakonsa a tirela. A ganina wannan ya fi cancantar ƙoƙarin gwamnonin yankin fiye da zancen bututun da zai ratsa Nijar zuwa Aljeriya, mai tsawon sama da kilomita 4,000, wanda ko kuɗin gina shi ba a haɗa ba.

Ghana ta riga ta ɗanɗana abin da ake gudu. Bututun Afirka ta Yamma mai kilomita 678 ya haɗa Najeriya da Benin da Togo da Ghana, kuma an gina tsarin lantarki a can bisa tsammanin gas ɗinsa. Shekaru da dama abin da ke isa bai kai adadin kwangila ba. A Agustan 2012 angar wani jirgin ruwa ta lalata bututun a gaɓar Lome, ya tsaya kusan shekara guda, abin da ya taimaka wajen jefa ƙasar cikin ɗauke wutar da suke kira dumsor. A 2015 kuma kamfanin N-Gas, mai sayar da gas ɗin, ya yi barazanar rufe famfo saboda bashin da ya taru a kan hukumar lantarkin Ghana. Ƙarancin kaya daga tushe, hanya ɗaya tilo, da mai saye da ba ya biya, duka ukun suna iya faruwa a kan AKK. Shi ya sa duk tasha ko masana'antar da za ta dogara da shi ya kamata ta tanadi injin da ke iya komawa wani man, ko ma'ajiyar gas ɗin da aka mayar ruwa ake kawowa a tanka, kamar yadda ake ciyar da tashar gaggawa ta Maiduguri mai megawat 50 da aka buɗe a 2023.

Hasashen da za a iya dogara da shi sai ya raba masu saye gida-gida. A sahun farko a sa wanda ya sa hannu a kwangilar da ta wajabta masa biyan wani kaso ko ya ɗiba ko bai ɗiba ba, kuma banki ya tsaya masa. Wannan ne kaɗai za a ƙirga cikakke. Wanda ya samu kuɗin gini kuma aiki ya fara, a ƙirga shi daga shekarar da zai kammala, a ƙara masa jinkiri. Yarjejeniyar fahimta da aka sa wa hannu gaban kyamara kada ta shiga jimilla. Kowane adadi kuma a gwada shi da canjin dala, tun da gas da dala ake sa masa farashi, mai saye kuwa naira yake samu, kuma an ga yadda darajarta ta zube bayan Yunin 2023.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita. Kano da Kaduna za su iya amfani da wannan dama su fara da ƙirga masana'antun da ke aiki a yau, da litar dizal da kowace ke ƙonawa a wata, su haɗa su a matsayin mai saye guda, su ba da filin da ƙananan bututu za su bi, sannan su ba da lasisin tashoshi na megawat 30 zuwa 50 a cikin unguwannin masana'antu da za su sayar wa masu biya kai tsaye. Da takardar da ke ɗauke da waɗannan alƙaluma da garantin banki ne za su iya zama da kamfanin mai na ƙasa NNPC da kamfanonin haƙa su nemi a ware musu gas da sharaɗin matsi da tara.